Haihuwa da Kai Bayan Aikin Fiɗa



Akwai wata magana da ta zauna daram a gidajenmu kamar hukuncin alƙali, wai macen da aka taɓa yi wa fiɗa aka ciro mata ɗa, abin da ake kira sezariyen, to ita da haihuwa da kanta sai dai ta gani ga wasu. Ba a ƙasarmu aka haifi wannan magana ba. Wani likitan Amurka ne, Edwin Cragin, ya yaɗa ta a shekarar 1916, kuma a zamaninsa yana da hujja, domin a lokacin a tsaye ake tsaga mahaifa ta sashenta na sama, inda naƙuda ta fi murɗawa. Daga shekarar 1926 wani likitan Birtaniya, Munro Kerr, ya yaɗa tsagawa a kwance ta ƙasan mahaifa, wadda tabonta ya fi jure naƙuda, kuma ita ce ake yi wa mafi yawan mata a yau. Aiki ya sake salo, amma magana tana nan inda aka bar ta.

Illar maganar ita ce ta sa muka ɗauko alƙalami. Mace mai tsoron wuƙa ta biyu takan ƙaurace wa awo, ta ɓoye naƙuda, ta ce gara ta gwada a ɗaki, domin a zatonta da ta taka ƙofar asibiti sai fiɗa. Wani lokaci kuma gori ne ke kora ta: kishiya ko dangin miji sun ce raguwa ce, ba ta iya haihuwa ba. Wannan gori zalunci ne, kuma mu maza da muke ji mu yi shiru muna da rabonmu a ciki.

Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, cikin mata 10 da aka yi wa fiɗa sau ɗaya a kwance, aka kuma bar su su gwada naƙuda a asibiti, 6 zuwa 8 sukan haihu da kansu. Wadda ta taɓa haihuwa da kanta, kafin fiɗar ko bayanta, ta fi kowa sa'a. Haka nan wadda dalilin fiɗarta ba mai dawowa ba ne, kamar ɗa ya zo ta ƙafa ko ya kwanta a gicciye. Kuma a ƙasar da ake son zuri'a mai yawa, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin kowace fiɗa da aka ƙara tana ƙara haɗarin mabiyiya ta manne wa tabo a cikin da zai biyo, ta ƙi fita, jini ya ɓalle.

Sai dai akwai haɗarin da ba za mu ɓoye ba: tabon mahaifa yana iya ɓarkewa a tsakiyar naƙuda. Ga mai tsagar kwance, abin yakan sami kimanin mace 1 cikin 200. Kaɗan ne a lissafi, amma idan ya faru mintoci ake ƙirgawa, ba sa'o'i ba, kuma babu abin da zai ceci uwa da ɗa sai fiɗar gaggawa da ƙarin jini. Ke nan wurin gwada wannan haihuwa ba ɗakin uwar miji ba ne, ba kuma ƙaramin asibitin ƙauye ba ne komai ƙwarewar ungozomarsa. Wurinta shi ne inda akwai ɗakin fiɗa mai aiki dare da rana, kamar gidan haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai, ko manyan asibitocin uwa da ɗa na jihohi, ko asibitin gunduma idan an tabbatar yana da mai yin aikin. Wanda kuɗi ke ba tsoro ya tuna cewa tun shekarar 2005 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin sezariyen a asibitocinta, ko da yake kuɗin mota da na zaman jinya suna wuyan mai gida.

Shiri yana farawa tun ranar da aka sallame ta daga fiɗar farko. A tambayi likita dalilin aikin da irin tsagar da ya yi, a sa ya rubuta, a adana takardar da katin awo kamar yadda ake adana takardar gona. Tabon da ke kan fata ba ya nuna wanda ke kan mahaifa. Ana iya ganin na waje a kwance alhali na ciki a tsaye yake, kuma mai tsagar tsaye, ko wadda mahaifarta ta taɓa ɓarkewa, ba a bari ta yi naƙuda. Sannan a ba tabo lokaci. Idan tazarar haihuwa biyun ta gaza wata 18, haɗari yana ƙaruwa. Shekara biyun shayarwa da Suratul Baƙara ta ambata hutu ne mai kyau ga uwa, amma shayarwa kaɗai ba ta hana ciki a kowane hali, don haka a nemi shawarar ungozoma.

Wani abu da muke roƙo da babbar murya: kada a yi mata allurar naƙuda a gida, kada a ba ta ƙwayar misofurostol da ake saye a kasuwa, ko jiƙon saiwa mai zuga naƙuda, kada kuma a danna mata ciki. Addu'a ba ta cutar da tabo, amma waɗannan suna yaga shi.

Idan ciki ya shiga wata na tara, mai gidan da ke nesa da gari ya kai ta wurin dangi kusa da asibiti, musamman da damina sa'ad da ƙoramu ke yanke hanya. Ya nemi mutum biyu ko uku cikin dangi da suka yarda su ba da jini, a auna su tun da wuri. Da naƙuda ta fara, ko faya ta fashe, sai a tafi, ba a jiran gari ya waye. Ita kuma ta san alamun da za ta faɗa wa ungozoma nan take ba tare da kunya ba: ciwon da ba ya lafawa tsakanin murɗa da murɗa, zubar jini, jiri, ko naƙuda ta tsaya cak bayan ta yi ƙarfi.

Wassalam, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.