Ƙyallayen Teloli Da Tufar 'Yar Tsana: Arziƙin Da Muke Sharewa Zuwa Bola

Duk wanda ya ratsa layukan Darmanawa, ko ya bi ta Gyaɗi-Gyaɗi zuwa kasuwar Tarauni a goman ƙarshe na azumi, zai ga abu guda a ƙofar kusan kowane shagon tela: tarin ƙyallayen shadda da atamfa da leshi da yadi, an share su an jibge, ana jiran mai kwasar shara ko ashana. Yadin nan kuwa da kuɗi aka sayo shi daga Kantin Kwari, wani ma sai da ya ƙetaro teku. Ra'ayina a nan shi ne, a cikin wannan shara akwai sana'ar da wasu al'ummu suka daɗe suna cin abinci da ita, wato ɗinka ƙananan tufafi da kayan ado na 'yan tsana, kuma mu Kanawa mun fi da yawansu kayan aikinta, raini ne kawai ya hana mu.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu mata sun tashi suna haɗa 'yar tsana da karan dawa ko ƙashi, su yi mata kitso da zare, su roƙi ƙyalle wurin tela su ɗaura mata zani da kallabi, har a yi mata aure da gara da kayan ɗaki. A nan yarinya take fara riƙe allura, a nan take koyon goyo da karɓar baƙi. Yau an wayi gari 'yar roba mai farin gashi da guntun siket ta maye gurbinta, ta zo da tufarta daga masana'antar da ba ta san Kano ba, yarinya ba ta da abin yi da ita sai kallo da taje kai.

Mai karatu zai iya cewa ai wasan yara ne. To, bari mu leƙa tarihi. A shekarar 1880 wata mai ɗinki a garin Giengen na Jamus, Margarete Steiff, wadda shan inna ya ɗora a keken guragu tun tana ƙarama, ta ɗinka ɗan giwa na ƙyalle domin soke allura. Yara suka mayar da shi abin wasa, daga nan kamfanin Steiff ya samo asali, kuma har yau masu tara kayan tarihi suna sayen tsofaffin kayansa da tsada. A 1945 kuma, bayan yaƙi ya bar Faransa cikin ƙarancin yadi, manyan telolin Paris sun ɗinka sababbin samfuransu a jikin ƙananan 'yan tsana na waya fiye da 200, aka zaga da su biranen Turai da Amurka domin a nuna wa duniya cewa hannunsu bai mutu ba. Ga masu sana'a ke nan da suka ɗauki ƙaramin ɗinki da muhimmancin babba.

A nan gida ma akwai misali. A 2007 wani ɗan Legas, Taofick Okoya, ya nemi baƙar 'yar tsana domin ya ba wata 'yar ɗan'uwansa bai samu ba, sai ya kafa Queens of Africa. Jikin robar daga Sin ake kawo shi, amma a Legas ake yi musu kitso a ɗinka musu tufafi. Cikinsu akwai Nneka ta Ibo, da Wuraola ta Yarabawa, da Azeezah wadda aka ce Bahaushiya ce. A duba da kyau: Bahaushiyar ma a Legas ake yi mata sutura. A ƙarshen 2015 wata matashiya daga Ilori, Haneefah Adam, ta fara ɗinka wa Barbie hijabi da dogayen riguna da hannunta, tana saka hotunan a Instagram da sunan Hijarbie, cikin 'yan watanni manyan kafafen labarai na duniya suka ɗauka. A 2017 kamfanin Mattel da kansa, wanda yake yin Barbie tun 1959, ya sanar da 'yar tsana mai hijabi, ta girmama Ibtihaj Muhammad, 'yar wasan takobi ta Amurka. Kafin su duka, an fito da Fulla a Siriya a 2003, ta mamaye kasuwannin Larabawa.

Darasin da na ɗauka daga waɗannan misalai ɗaya ne. Ba za mu iya gogayya da Sin wajen zuba roba ba, domin ba mu da wutar lantarkin, ba mu da injinan, kuma masaƙun Sharaɗa da Bompai da Challawa da suka durƙushe sun ishe mu ishara. Amma darajar 'yar tsana a tufarta take. Robar iri ɗaya ce a ko'ina. Abin da ya bambanta ta Okoya da ta Haneefah da sauran shi ne abin da allura ta yi. A fagen allura kuwa Kano ba ƙanwar lasa ba ce. Muna da masu aikin aska biyu da aska takwas a babbar riga, da masu ɗinkin hula, da marinar Ƙofar Mata, da dukawa masu jaka da takalmi, da masu saƙar faifai. A ɗauki hawan Sallah kaɗai, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024: ɗan doki na ƙyalle da aka cusa wa auduga, da lifidinsa, da mahayi mai rawani da alkyabba, wane baƙo ne zai gani a Kasuwar Kurmi ya wuce? Haka amarya da mayafinta da lallenta, haka Bafulatana da ƙwaryarta.

Sai dai kada a ɗauka aikin wasa ne. Barbie tsawonta inci goma sha ɗaya da rabi ne, kimanin kashi ɗaya bisa shida na mutum, don haka duk kuskuren da zai ɓuya a rigar babba, a nan tsirara yake fitowa. Atamfa mai manyan zane ba ta yi, domin fure ɗaya zai cinye rigar baki ɗaya. Shadda mai kauri takan sandare ta ƙi kwanciya. Kalmasa dole ta zama siririya, hannun riga sau da yawa sai da allurar hannu, maɓalli kuma sai wanda ya dace da girman. Abin da za a sayar wa yaro ɗan ƙasa da shekara uku bai kamata a saka masa duwatsun ado ko ƙananan maɓallan da zai haɗiye ba. Wanda ya ƙware a wannan, ɗinkin manya ba zai gagare shi ba, shi ya sa nake ganin babu makarantar koyon ɗinki da ta fi ta arha.

Na san akwai masu ja da baya saboda addini, kuma damuwarsu abar girmamawa ce. Ba mu manta ba a 2021 Hukumar Hisbah ta Kano ta hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumi wajen tallar tufafi. Amma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), kuma a kan haka malamai da dama suka keɓe kayan wasan yara daga hukuncin sura. Wasu sun fi natsuwa da 'yar tsanar ƙyalle marar fuska, irin wadda dama ita muka gada. Abin da ya rage shi ne malamanmu su fayyace wa masu sana'a iyaka, musamman kan wadda babba zai saya ya ajiye don ado, domin kada mace ta zuba jarinta sannan a zo a ce mata ta yi laifi. Ita tufar kanta dai, ƙyalle ce da zare.

Wasu kuma za su ce, ana fama da abin sawa a baki, wa zai sayi rigar 'yar tsana? Gaskiya ne kasuwar ba ta kai ta hatsi ba, kuma ba na yi wa kowa alkawarin kuɗancewa. Amma masu saye suna nan: 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka da Saudiyya masu son 'ya'yansu su san tufar gida, da makarantun rainon yara, da baƙi masu neman tsaraba, da masu tara irin waɗannan kaya a ƙasashen waje. Kayan ba su da nauyi, ba sa ruɓewa, jarinsu kuma allura ce da zare da abin da tela zai zubar. Ga matar da ke cikin gida, ko ɗalibar da ke jiran sakamakon jarrabawa, da yayyafi kogi kan cika.

Don haka kirana ba ga gwamnati yake fara zuwa ba. Telolin Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi su tanadi buhu su riƙa ware ƙyalle mai kyau, su sayar ko su bayar, maimakon ƙonawa. Makarantun Islamiyya na matan aure da cibiyoyin koyon sana'a a mazaɓu goma na Tarauni su saka wannan cikin darasin ɗinki. Mu kuma ma'aikata da 'yan boko, da muke iya sayen 'yar roba a manyan kantuna ba tare da neman ragi ba, mu fara tambayar ta gida, mu biya ta da daraja. Yarinyar da ta tashi tana ganin kyau a jikin abin da bai yi kama da ita ko uwarta ba, da wuya a gyara mata wannan tunani da wa'azi bayan ta girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, manya da ƙanana.