Taswirar Waya Ba Ta San Wanda Ke Kwana A Dajin Pauwa Ba

Duk wanda ya buɗe Google Maps ya matso da hoton tauraron ɗan'adam kan yankin Pauwa a Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, zai ga duwatsu da kurmi da gonaki sun miƙe har ɓangaren Faskari da Sabuwa. Matashin da ya saba kallon masu hawan dutse a TikTok zai ga wurin fita da sassafe, a bi ta cikin kaɗanya da ɗorawa, a ratsa sabara, a hau dutse, a zagayo inda aka tashi kafin la'asar. Irin wannan zagayen mutanen Ingila ke yi a ƙarshen mako, manhajoji irin su AllTrails suna zana musu hanya.

Sai dai a Pauwa, wanda ya dogara da waya kaɗai ya sa ransa cikin haɗari. Hoton da ke kan taswira yakan kai watanni ko shekaru da ɗauka. Yana nuna bishiya da dutse, ba ya nuna sansanin ƴan bindiga. A daren 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, kuma a dajin Zango da Pauwa jami'an tsaro suka yi artabu da maharan. A watan Agusta 2025 ma jiragen yaƙi sun kai farmaki Dutsen Pauwa, aka kuɓutar da mutane da dama da ake tsare da su.

Ga kuma batun sabis. GPS ba ya buƙatar layi ko data, domin kai tsaye waya ke karɓar sigina daga tauraron ɗan'adam. Shi ya sa shuɗin ɗigon nan ke ci gaba da motsi a kan taswira ko a tsakiyar daji. Amma kiran gida da tura wurin da mutum yake ta WhatsApp duk sai da sabis. Mutanen yankin sun ɗanɗana wannan a watan Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Mutum zai san inda yake, amma babu wanda zai iya sanar wa.

Wayar ma takan tona asiri. A Janairu 2018 aka gano cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin masu motsa jiki ta fallasa sansanonin sojan Amurka a Afganistan da Siriya. In hakan ta faru da soja, ina ga matashin da ke yaɗa tafiyarsa kai tsaye a Facebook, a yankin da kowa ke kukan masu kai wa ƴan bindiga rahoto?

Wasu za su ce ƙaurace wa dajin tamkar sallama shi ne ga ɓarayi. Akwai gaskiya a nan, domin ƙasa ce mai tarihi, har yau Sarkin Pauwa ake kiran hakimin Ƙanƙara. Amma ƙwato daji aikin hukuma ne. Manomin da ke shiga gonarsa a can dole ce ta sa shi, kuma ba ya fita sai ya ji labarin hanya daga maƙwabta da ƴan sintiri. Wannan labarin babu manhajar da ke ɗauke da shi.

Mai sha'awar hawan dutse yana da Kufena a Zariya da Dala a Kano. Ya sauke taswira a wayarsa tun daga gida, ya cika caji, ya tafi cikin ayari, ya gaya wa na gida lokacin dawowarsa, ya bar ɗora hotuna sai ya dawo. Ko a can ɗin ma, ya fara tambayar mutanen gari kafin ya buɗe taswira, matambayi ba ya ɓata. Pauwa kuwa ta jira ranar da mazaunanta da kansu za su ce hanya ta buɗe.