Ɗan Ƙaramin Babur da Yaran da Ke Zuwa Mana a Kan Babba

Duk malamin da ya daɗe yana kiran rajista ya san amsar da 'yan aji kan bayar idan an kira suna ba a amsa ba: "Malam, ya faɗi da mashin, yana wajen mai ɗori." Mukan yi masa addu'a mu wuce zuwa suna na gaba. Bayan wasu makonni yaron ya dawo yana ɗingishi, jarrabawa ta wuce shi. Wani kuwa ba ya dawowa.

Abin da ya tayar mana da zancen shi ne wasu 'yan ƙananan babura na yara da suka fara bayyana a gidajen masu hali, wasu a matsayin tsarabar Sallah, wasu ladan cin jarrabawa. Wasu abokan aikinmu sun ce wannan shagwaɓa ce kawai. Mu dai muna ganin akwai abin dubawa a cikin yadda aka ƙera su, ko da ba mu da kuɗin sayensu, kuma ba ma ba kowa shawarar ya saya.

Ɗauki Yamaha PW50, wanda kamfanin Japan ɗin ya fara fitarwa tun farkon shekarun 1980. Injinsa sisi 49 ne, nauyinsa kimanin kilo 40, kuma an gajarta shi yadda ƙafafun ɗan shekara shida za su taɓa ƙasa. Ba shi da giya ba shi da kuloci, sai totur da birki. Ba a sa masa sarƙa ba, an rufe abin da ke juya tayar baya don kada ya kama yatsa ko bakin wando. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne wani ɗan noti a jikin totur: uba zai ɗaure shi, yaro ya murɗa iya ƙarfinsa babur ya ƙi wuce saurin da aka yanka masa, sai ya nuna ya iya a sassauta kaɗan. Wannan shi ne abin da muke yi a aji kullum, ba a ba yaro rabawa kafin ya iya ɗebewa. Sa'an nan babur ɗin ba shi da fitila, ba sigina, ba lamba, domin ba don kwalta aka yi shi ba. A Amurka da Turai, inda wasan ya yi ƙarfi, a killataccen fili ake hawansa, da hular kwano da takalmi mai tsawo da safar hannu, babba yana tsaye. Duk da haka yara na karyewa a can ma.

To, a nan yaya namu suke koyo? A kan Boxer ko Jincheng na uba ko na yaya, wanda nauyinsa ya kai kilo 100 ko ya haura, yaron da bai fi kilo 35 ba yana ɗage a kan yatsun ƙafa ɗaya. Filin koyonsa lungun unguwa ne, malaminsa abokinsa ne da ya girme shi da shekara guda, jarrabawarsa kuma ranar kai amarya, inda ake gasar kwanciya da babur ana tafi. Washegari ya goyo ƙannensa biyu zuwa makaranta, ba mai hula ko ɗaya.

Doka ba ta yi shiru ba. Ba a ba da lasin tuƙi a Nijeriya sai mutum ya kai shekara 18, kuma tun 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka ana dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta bayyana cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Daga ɗan firamare zuwa ɗan ajin ƙarshe na sakandare, duk ɗalibanmu suna cikin wannan adadi.

Mun san abin da iyaye za su ce, kuma ba ƙarya suke ba. Makaranta ta yi nisa, kuɗin mota ya ninka tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, uba kuma ba zai bar kasuwa ko gona sau biyu a yini don kai yara da ɗauko su ba. Uzuri ne mai nauyi. Sai dai kuɗin jinyar karayar cinya ɗaya ya fi kuɗin motar zango guda, balle raunin kai da ba a ɗora shi. Keke yana nan, haɗa yaran unguwa a a-daidaita-sahu ɗaya a raba kuɗin ma ana yi.

Laifi kuma tudu ne. Mu nawa ne a cikinmu muka taɓa miƙa wa ɗan aji uku na ƙaramar sakandare makullin babur ɗinmu ya je ya sayo mana abinci ko ya ɗauko takarda a gida? Yaron yana murna, mu muna hutawa. In ya faɗi a wannan aike, ba mu san da wane baki za mu yi wa mahaifiyarsa bayani ba, kuma ƙungiya ba ta da abin da za ta kare malamin da shi.

Saboda haka muke roƙon wakilan reshe a kowace makaranta su kai abu uku zaman iyaye da malamai na wannan zango. Kada malami ya sake aiken ɗalibi a kan babur. Kada a buɗe ƙofar makaranta ga babur ɗin da yaron da bai kai shekarun lasin ba ya tuƙo, amma a sanar da iyaye da wuri, a ba su lokacin shirya wata hanya, kada a wayi gari ana kora yara gida. A kuma gayyato jami'an kiyaye haɗurra su kafa mana kulob ɗinsu na ɗalibai, tun da suna da wannan tsari a makarantu. Uban da ya riga ya sayi ɗan ƙaramin babur ɗin nan kuwa, a ja shi gefe a nuna masa notin totur, a tambaye shi ko ya sayo hular tare da shi, da kuma filin da yaron zai hau.