Ƙin Tashin Kwamfuta Ba Dalilin Goge Ta Ba Ne

Ranar 13 ga Agustan 2024 kamfanin Microsoft ya saki gyaran tsaro na wata-wata, sai masu kwamfutar da ke ɗauke da Windows da Linux a haɗe suka wayi gari da baƙin allo da saƙon cewa an saɓa dokar tsaro. Masu Ubuntu da Debian da Linux Mint duk sun ɗanɗana. An yi gyaran ne don toshe wata kafa da aka gano a manhajar GRUB tun 2022, kuma kamfanin ya ce ba zai taɓa masu tsari biyu ba. Ya taɓa su, cikakkiyar warwara ba ta zo ba sai Mayun 2025.

Duk da haka, fayilolin mutane suna nan daram. GRUB ne kawai aka hana wucewa.

Shi GRUB tamkar mai gadin ƙofa yake, shi ke tambaya ko Windows za a shiga ko Linux. Mazauninsa wani ɗan yanki ne na faifai mai suna EFI, wanda Windows kan yanka masa megabayit 100 ko sama da haka. In GRUB ya rikice, sai allo ya tsaya cik, ko a ga “grub rescue” da ɗan layi yana ƙyaftawa. A nan ne wasu masu gyara ke yanke hukunci cikin minti biyu: “Alhaji, sai dai a yi fomatin.” Wannan ganganci ne, domin da kalmar nan ɗalibi kan rasa aikin bincikensa na shekara guda, ɗan kasuwa ya rasa lissafin bashinsa.

Sau da yawa matsalar tun daga filashin saka Linux take farawa. Windows na zaune a tsarin UEFI, shi kuwa mai sakawa ya tayar da filashin a tsohon tsarin Legacy, sai Windows da Linux su kasa ganin juna. Wanda ya danna F12 a Dell ko F9 a HP zai iya ganin sunan filashin sau biyu, ɗaya da UEFI a gabansa, kuma shi ne na zaɓa. Wani lokacin ma babu abin da ya lalace, Windows Boot Manager ne ya hau saman jeri, sauya jerin a saitin BIOS ya wadatar. Tun fitowar GRUB 2.06 a 2021 kuma, an kashe os-prober mai neman sauran tsare-tsare, shi ya sa Windows kan ɓace daga jerin alhali yana nan. Layi ɗaya a fayil ɗin saiti ke dawo da shi. In abin ya ci tura, a tashi kwamfutar daga filashin Ubuntu, a kwashe fayiloli tukuna, sannan a gwada manhajar Boot-Repair.

Inda haɗari na gaske yake shi ne BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai. Taɓa saitin Secure Boot a BIOS na iya sa Windows ya nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda bai adana shi ba kuwa yana iya rasa hanyar buɗe faifan.

Maganar ta ƙara nauyi tun da Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 na neman na'urar tsaro ta TPM 2.0, kwamfutocin hannu da yawa da ke kasuwanninmu kuwa ba su cika sharuɗansa ba, don haka masu gwada Linux za su ƙaru. Ya kamata masu gyara su koyi wannan aiki, su riƙa karɓar kuɗinsa yadda ya dace. Mai kwamfuta kuma kada ya amince a goge masa faifai sai an buɗe shi daga filashi, ya ga fayilolinsa da idonsa, an kwafe masa su.