Ɗan Golf da Katinsa a Ƙarshen Shekara

Da yawa daga cikinmu mazauna Fagge da Sabon Gari mun sha wucewa ta Club Road, mu hango mutane cikin fili suna bin ƙaramar farar ƙwallo da sanda. Wannan shi ne filin golf na Kano, wanda aka kafa tun 1908, wato yana cikin mafi daɗewa a Nijeriya. Wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu ke nan. Akasarin masu buga shi ba sana'arsu ba ce. 'Yan kasuwa ne da ma'aikata da likitoci, masu zuwa da yamma ko ranar Asabar. Idan shekara ta ƙare, kowannensu yakan tambayi kansa ko ya ci gaba. Ra'ayinmu shi ne, amsar wannan tambaya tana cikin katin da ya rubuta bugunsa, muddin gaskiya ya rubuta.

Bari mu fara da yadda wasan yake, domin waɗanda ba su sani ba. Cikakken fili yana da rami 18. Ana son mutum ya jefa ƙwallo cikin kowane rami da bugu kaɗan, saboda haka mai ƙaramin jimla shi ne gwani. An ƙayyade wa kowane rami adadin bugun da ƙwararre zai yi, wani 3, wani 4, wani 5, kuma a filaye da yawa jimlarsu 72 ce. Faɗin ramin milimita 108 ne kawai, kuma doka ba ta yarda mutum ya ɗauki sanda fiye da 14 a jakarsa ba. Abin da ya bambanta golf da ƙwallon ƙafa shi ne, yawanci babu alƙalin wasa mai bin mutum da usur. Abokin wasanka ne zai rubuta bugunka, kai kuma ka duba ka sa hannu.

To, a nan ne maganar gaskiya ta shigo. A 1925, a babbar gasar Amurka, wani ɗan wasa mai suna Bobby Jones ya ga ƙwallonsa ta ɗan motsa cikin ciyawa yayin da yake shirin bugu. Shi da kansa ya nace a ƙara masa bugu ɗaya na tara. A ƙarshen gasar ya yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka sake karawa, ya sha kaye da bugu ɗaya tak. Jones bai taɓa mai da golf sana'a ba a shekarun da yake gasa, lauya ne. Duk da haka a 1930 ya cinye manyan gasanni huɗu na zamaninsa a shekara guda. Haka kuma a 1968 Roberto De Vicenzo na ƙasar Ajantina ya sa hannu a katin da aka rubuta masa 4 a rami na 17, alhali 3 ya buga. Doka ta ce abin da ya sa wa hannu shi ya zauna, sai ya rasa damar karawar ƙarshe a gasar Masters. Wannan ya nuna mana nauyin da katin yake da shi.

Akwai kuma tsarin rangwame, wanda ke ba mai rauni damar karawa da gwani. Ana duba sakamakon mutum na baya, a rage masa wasu bugu daidai da ƙarfinsa. Tun 2020 aka soma aiki da tsari guda a duniya, inda ake ɗaukar sakamako 8 mafi kyau daga cikin 20 na baya bayan nan. Mai ɓoye bugu domin a ce ya iya, zai sami ƙaramin rangwame, ya riƙa shan kaye a kowace gasa. Mai ƙara wa kansa bugu domin ya sami babban rangwame ya kwashe kyauta, ba zai daɗe ba abokansa za su gane shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko a filin golf.

Idan katunan shekara sun zama na gaskiya, sai a zauna a yi musu karatun natsuwa. A ce wani yakan gama fili da bugu 100, yana kuma so ya sauko zuwa 90. Abin da zuciya za ta fara raya masa shi ne ya sayi sabuwar sanda mai tsada wadda za ta kai ƙwallo nesa. Amma a ce ya duba katunansa ya ga a rami 6 yakan yi bugu uku bayan ya iso dab da rami, inda biyu ya kamata su isa. Bugu 6 ke nan sun tafi. A ce kuma sau biyu a kowane zagaye ƙwallonsa takan ɓace ko ta fita iyakar fili. Doka ta ce ya koma inda ya buga, a kuma ƙara masa bugu ɗaya, wato kowace ɓata tana cin bugu biyu. Ga 4 nan kuma. Bugu 10 da yake nema duk suna nan a gabansa, ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Abin da yake bukata shi ne ya riƙa ware rabin sa'a yana koyon gajeren bugu, ya kuma yarda ya rage ƙarfi domin ƙwallo ta tsaya a hanya.

Mai yin wannan lissafi a Kano dole ya tuna da yanayin garinmu. Da rani ƙasa takan bushe ta yi tauri, ƙwallo ta yi ta gangarawa bayan ta sauka, sai mutum ya zaci hannunsa ne ya ƙara ƙarfi. Da damina ciyawa takan tashi, ƙwallo ta tsaya inda ta faɗi. Da hunturu ga iska ga hazo. Saboda haka sakamakon watan Maris da na Maris ɗin bara ya kamata a gwada shi, na Agusta kuma da Agusta. Yaran da ke ɗaukar wa 'yan wasa jaka sun san waɗannan abubuwa sarai, domin kullum suna cikin filin. Mai hankali yakan saurare su, gama da ɗan gari akan ci gari.

Wani zai ce yawan lissafi yana kashe daɗin wasa, tun da mutum hutawa ya je yi. Muna ganin akwai gaskiya a ciki, domin wanda ya mai da kowace Asabar ranar jarrabawa zai koma gida da ɓacin rai. Amma ba kullum muke cewa a yi ba, sau ɗaya ne a shekara, kamar yadda ɗan kasuwar Kantin Kwari yakan rufe shago ya ƙirga kaya domin ya san riba da faɗuwa. Ko manyan gwanaye suna yi. A 1997 Tiger Woods ya ci gasar Masters yana da shekara 21, da ratar bugu 12. Maimakon ya miƙe ƙafa, sai ya duba yadda yake bugu, ya ga akwai gyara, ya soma sake salonsa tare da mai horar da shi Butch Harmon. A 1998 gasa ɗaya kawai ya ci a jerin manyan wasannin Amurka. A 1999 ya ci 8, a 2000 ya ci 9. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

'Yan'uwa ɗalibai, mu ma an ba mu namu katin a ƙarshen wannan shekara. Jimlar maki kaɗai ba za ta gaya mana inda muka yi asara ba, sai mun buɗe takardun mun ga ko lissafi ne, ko rubutun insha'i, ko rashin karanta tambaya da kyau. Wanda kuma ya sami maki ta hanyar satar amsa ya hana kansa sanin inda ciwonsa yake, malami ma ba zai iya taimakonsa ba. Muna roƙon iyaye da 'yan'uwa a ikkilisiya su daina tsayawa a kan tambayar na nawa yaro ya zo. Su zauna da shi su duba darasi ɗaya ko biyu da za a gyara a zango mai zuwa, su kuma yaba masa idan makin nasa ne na gumi, ko da kaɗan ne.

Ubangiji ya ba mu zuciyar gaskiya da haƙurin gyara, ya kuma kai mu baɗi lafiya. Amin.