Zauren Malam: Gwara Ta Biyar

Iyaye sukan tambaye ni wane littafi ya kamata su saya wa yara domin hutu. Wani yana son na ibada, wani na lissafi domin jarrabawa ta matso. Da wuya ka ji mai tambayar littafin tsuntsaye. A ganina ukun nan tabarma ɗaya suke zama, bari kuwa in nuna muku dalili.

Ku buɗe Matiyu 10:29. Can Ubangijinmu ya faɗi kuɗin gwara a kasuwa, watau biyu a kan ƙaramin kuɗi guda, mu ce kobo. Sai ku juya zuwa Luka 12:6, inda kuɗin ya zama biyar a kan kobo biyu. Ku ba yaro wannan ya lissafa. Idan kobo ɗaya yana sayen biyu, kobo biyu ai huɗu zai saya. To, ina ta biyar ta fito? Duk macen da ta taɓa sayen tattasai a kasuwar Tambuwal ta san amsar: gyara ce. Tsuntsuwar da mai sayarwa bai ko sa mata kuɗi ba, ita ma Luka ya shaida mana Allah bai manta da ita ba. Wanda bai tsaya ya ƙirga ba, sai ya wuce ayar nan bai ga abin da ke cikinta ba.

Yanzu ku ɗaga kai ku duba sama. Dattawan Kebbe sun san lokacin da ba a yanka sa a kwata sai ungulaye sun cika rimi da katanga suna jira. Yau yaro yakan yi watanni bai ga ko ɗaya ba. A shekarar 2015 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Guba tana kashe su, ana sare manyan itatuwan da suke sheƙa a kai, ana kuma sayar da kawunansu ga masu tsafi da neman sa'a. Wannan na ƙarshe bai kamata a same shi a gidan mai bi ba, ko da sunan magani ne.

Mun saba raina ungulu domin ƙazanta, amma ita ce mai sharar gari da ba a biyanta. A Indiya, cikin shekarun 1990, wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗansu irin ungulayensu. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin.

A nan ne littafin lissafi yake shigowa. Wani malami ɗan ƙasar Hangare, George Polya, ya wallafa ƙaramin littafi a 1945 mai suna How to Solve It. Ya ce a bi tambaya hawa huɗu: ka fahimce ta, ka shirya dabara, ka bi dabarar, sa'an nan ka waiwaya ka duba amsarka. Hawa na huɗun nan ne yaranmu suke tsallakewa, gama da sun sami lamba sai su ajiye fensir.

Ga misalin da nakan ba 'yan aji shida. Ungulu ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara. A ce wani gari yana da ungulu 20, watau mata da miji 10. A ce rabin 'ya'yan suna rayuwa, 5 ke nan, ana kuwa kashe manya 8 kowace shekara. Yara sukan ce ragin 3 ne a shekara, saboda haka za su kai shekara shida da 'yan watanni. Sai in ce su waiwaya. Bayan shekara ta fari manya 12 suka rage, ƙanana kuwa sai sun yi shekaru kafin su fara saka ƙwai. Shekara ta biyu manya 4. Kafin ta uku ta ƙare babu sauran mai kwanci a sheƙa. Ajin yakan yi tsit.

Musa ya riga mu yin wannan lissafi. A Maimaitawar Shari'a 22:6-7 an yarda wa wanda ya tarar da sheƙa ya ɗauki ƙwai ko 'ya'ya, amma an hana shi haɗawa da uwar, har an ɗaura wa umarnin alkawarin tsawon rai. Uwa ita ce jari. Yaron da ke yawo da danƙo a wuya ya kamata uban ya karanta masa ayoyin nan kafin ya yanka masa roba.

Na san manomin shinkafa a fadama zai ce, Malam, ba ka taɓa kwana kana korar jan-baki ba. Gaskiyarsa, tsuntsayen nan sukan cinye wahalar shekara cikin kwana kaɗan, korarsu kuwa wajibi ce. Abin da nake roƙo shi ne yaro ya san bambanci. Shamuwa, wadda zuwanta yake shaida mana damina ta kusa, fara da tsutsa take ci a gonakinmu. Balbela ƙwari take tsinta a bayan shanu. Akwai littafin Borrow da Demey na tsuntsayen Afirka ta Yamma, wanda ya fito a 2001. Da Turanci yake, yana kuma da tsada ga gida ɗaya, amma makarantar ikkilisiya za ta iya sayen guda, hotunan kuwa ba sa bukatar tafinta. Wanda bai samu ba, littafin rubutu ya isa: yaro ya rubuta sunan tsuntsu da Hausa, da ranar da ya gan shi, da yawansu, kakarsa ta taimaka da sunayen.

Ga aikin yara na wannan wata. A zamanin Ubangijinmu dinari ɗaya, ladan ma'aikaci na yini guda, yana daidai da ƙananan kuɗin nan 16. Gwara nawa ma'aikacin zai saya bisa kuɗin Matiyu, nawa kuma bisa na Luka, nawa ne gyara a ciki? Ku aiko da amsa tare da sunan ajinku, sai mun sadu a wata mai zuwa.