FIM ƊIN MASUNTAN BANGLADESH DA MU 'YAN KALLON KYAUTA

Yau mu ɗan ajiye siyasa da zancen albashi, mu taɓa maganar fim. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Duk inda aka tashi hirar Kannywood, a majalisa ne ko a nan Facebook, hukuncin ɗaya ne: ba su iya komai ba sai soyayya, rawa da waƙa da rikicin kishiya. Ban ce sharri aka yi musu ba, akwai gaskiya a ciki. Amma akwai mutum ɗaya da ba a taɓa gurfanarwa a wannan shari'ar, alhali da hannunsa dumu-dumu a ciki, wato ɗan kallo. Ra'ayina shi ne, irin fim ɗin da al'umma take biya ta kalla, shi za a ci gaba da yi mata. Wanda ta yaba da baki kawai ta hana shi sisinta, mutuwa zai yi.

Bari in kawo misali daga nesa, sannan mu dawo gida.

A ranar 29 ga Yulin 2022 aka saki wani fim a ƙasar Bangladesh mai suna Hawa, ma'anarsa iska a harshen Bengali. Mejbaur Rahman Sumon ne ya ba da umarni, kuma shi ne dogon fim ɗinsa na farko. Ba gidan bene a ciki, ba motar alfarma, ba ɗan mai kuɗi da ya dawo daga Landan. Wasu masunta ne cikin jirgin kamun kifi a tsakiyar teku, rana ta ƙone su, tufafinsu duk datti. Wata rana suka jawo taru sai ga budurwa a ciki da ranta. Daga nan kifi ya daina kamuwa, masifa ta riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, mai kallo yana ta tambayar kansa: wannan mutum ce ko aljana? Me shugaban jirgin ya aikata a baya da ake bin sa bashi?

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda mutanen ƙasar suka karɓe shi. Ƙasa ce da gidajen silimanta suka taɓa haura 1,000, suka yi ta rufewa har suka koma ƙasa da 200. Amma da Hawa ya fito, tikiti ya riƙa ƙarewa kwanaki kafin ranar kallo. Waƙar cikinsa ta cika gari tun fim bai fito ba. Da aka kai shi birnin Kolkata na Indiya a ƙarshen Oktoban shekarar, mutane suka yi dogon layi na sa'o'i don su samu shiga. Ƙasar ta zaɓe shi ya wakilce ta a gasar Oscar. Kuma ba yabo kaɗai ya sha ba. Wasu sun soki ashar ɗin da masuntan ke yi, hukumar kare namun daji ma ta kai daraktan kotu saboda wani tsuntsu da aka nuna a keji. Sai dai masu yabon da masu sukar duk sun kalla, kuma kuɗi suka biya suka kalla. A tuna fa, kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen Bangladesh Musulmi ne, kuma talauci bai bar su ba kamar yadda bai bar mu ba.

To mu dawo gida. Mutum nawa a cikinmu suka san cewa sau biyu fim na harshen Hausa yana wakiltar Najeriya gaba ɗaya a wannan gasa ta Oscar?

Na farko shi ne The Milkmaid na 2020, wanda aka ɗauka a jihar Taraba, Maryam Booth tana cikin manyan 'yan wasansa. Labarin wata Bafulatana ce mai tallar nono da 'yan ta'adda suka afka wa ƙauyensu ana tsakiyar biki, ta shiga neman 'yar uwarta. Ku gaya mini, akwai jihar da wannan labari ya kamata ya taɓa wa zuciya kamar Zamfara? Ya lashe kyautar fim mafi kyau a gasar fina-finan Afirka ta AMAA, amma a nan wajenmu shiru kake ji. Wanda ya shirya shi ma, Desmond Ovbiagele, ɗan Kudu ne.

Na biyu shi ne Mai Martaba na 2024, wanda Prince Daniel Aboki ya ba da umarni, aka ɗauka a Daura, Adam A. Zango yana ciki. Labarin rikicin gadon sarauta ne a wata masarauta ta zamanin fataucin Sahara. Ba wanda zai ce wannan rawa da waƙa ce. Mun ga an yi ta taya murna a Facebook ranar da aka sanar an zaɓe shi. Madalla. Amma cikin masu rubuta "Masha Allah, Arewa ta ci gaba", nawa ne suka fitar da kuɗi suka kalle shi?

Ƙarin abin lura, a 2019 an cire fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji daga wannan gasa saboda Turanci ya yi yawa a cikinsa. Ashe harshen nan namu da wasu ke jin kunyarsa jari ne a idon duniya. Mu ne dai ba mu ɗauke shi jari ba.

Yanzu dubi yadda fim ke isowa hannun ɗan Nahuce, ko ɗan Bungudu, ko na Tsafe. Yaro zai je shagon masu caji da tura fina-finai, ya ba da 'yan kuɗi kaɗan, a cika masa waya da Indiya-Hausa da sabbin fitowa. Da yamma ya tura wa abokansa biyar ta Xender, su ma su tura wa wasu. Kafin sati ya zagayo rabin gari sun gani. A duk wannan zagayen, wanda ya ci bashi ya ɗauki 'yan wasa, ya yi hayar kyamara, ya ciyar da ma'aikata, ko kwabo bai shiga aljihunsa ba. Ban ga laifin mai shagon sosai ba, abincinsa yake nema a inda aikin yi ya yi ƙaranci. Amma lissafin a fili yake.

A da ba haka abin yake ba. Tun daga Turmin Danya a 1990, zuwa zamanin su Sangaya da Wasila, kaset ake saye, daga baya faifan CD. Dillalai a Ƙofar Wambai ta Kano suna saye suna rarrabawa har Gusau, har Maraɗi, har Agadas. Da wayar hannu ta kashe wannan kasuwa, sai masu shirya fim suka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, aka shiga zamanin masu dogon zango, su Izzar So da Labarina. A YouTube kuwa talla ce ke biya, kuma sai an kalla da yawa sannan a samu abin kirki. Mutumin da ke jiran yawan masu kallo duk mako kafin ya biya ma'aikatansa ba zai yi kasadar zuwa bakin gulbi ya kwana wata biyu yana ɗaukar masunta ba. Falo zai nema, ya zaunar da saurayi da budurwa da uwar miji, a ja labari zango goma. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, ba labari muka rasa ba. In masunta ake so, muna da su. Gulbin Sakkwato ta Gusau da Bungudu ya ratsa kafin ya kai Bakolori. Sarkawa suna nan da homa da gora da taru, da Sarkin Ruwa, da sirrin da suka gada na shiga ruwa, da labaran 'yan ruwa da kowannenmu ya ji tun yana yaro. Bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 ake yin sa, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Ina fim ɗinsa? Turawa ne ke zuwa su ɗauka su tafi.

Ga dam ɗin Bakolori kansa. A Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, kuma har yau adadin da hukuma ta faɗa da wanda mutanen yankin ke faɗa ba su zo ɗaya ba. Dattawan da suka ga abin da idonsu suna ta ƙarewa. Ga gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda iyaye na daka dutsen zinariya a cikin gida. Ga kwale-kwalen da ya kife da manoma a Gummi a Satumbar 2024 suna hanyar gona. Ga watan Satumbar 2021 da aka yanke mana layukan waya a jihar nan baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, mutum ya yi tafiya mai nisa don kawai ya gaya wa ɗan uwansa an yi rasuwa. Ga dutsen Kwatarkwashi nan kusa da mu da tarihin kamun maiki. Wanne ne a cikin waɗannan bai kai labarin masuntan Bangladesh ba? In ba mu adana su ba, jikokinmu za su san tarihin Indiya da Turkiyya ta fassara, su jahilci na ƙofar gidansu.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan raina shi ba.

Za a ce mutumin da ke neman kuɗin fansar ɗan uwansa, ko wanda bai noma gonarsa ba shekara uku, ina shi ina fim? Gaskiya ne, kuma ba da shi nake ba. Da mu nake, ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai, masu zuba data duk wata, masu biyan kuɗi a gidan kallon ƙwallo don Arsenal da Madrid ba tare da ko gezau ba.

Za a ce ba mu da silima, tun da aka rufe na Gusau lokacin ƙaddamar da Shari'a, kuma ba ma son abin da zai dawo da cakuɗuwar maza da mata da dare. Na yarda. Amma kallo da biya ba dole sai a silima irin ta da ba. Akwai ɗakunan taro a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda. Me zai hana ƙungiyar ɗalibai ta nemi izinin mai fim, a nuna da rana tsaka, maza gefe mata gefe, a sayar da tikiti, a tura masa rabonsa, a tattauna bayan an gama?

Za a ce 'yan fim ɗin ne suka zubar da mutuncinsu. Wasu kam sun yi. Amma a 2016 da aka tashi gina alƙaryar fim a Kofa ta jihar Kano, aka yi ca har gwamnatin tarayya ta janye, shin fim ya daina shiga gidajenmu? Bai daina ba. Abin da ya faru kawai, na waje ya ƙara samun fili, wanda ba malaminmu ko hukumarmu da ke da ta cewa a kansa. Ƙaurace wa sana'ar bai gyara ta ba. Abin da zai gyara ta shi ne mai kyau ya samu riba, maras kyau ya yi kwantai.

Don haka roƙona kaɗan ne. In fim yana tashar mai shi a YouTube, a kalla a can maimakon a karɓa ta Xender. In a manhajar biya yake, wanda Allah Ya hore wa ya biya. In ka ga wanda ya yi ƙoƙarin kawo labarin manomi, ko masunci, ko ɗan gudun hijira, ka yi magana a kan labarin, ka faɗi inda ya gyara da inda ya kwafsa, maimakon mu ƙare a kan wace jaruma ta sa wane kaya. Su ma masu kuɗinmu na Gusau da ke Abuja da Kaduna, a tuna musu cewa ɗaukar nauyin fim ɗaya a kan Bakolori ba zai kai kuɗin motar da ake raba wa 'yan amshin shata ba.

Wanda yake ganin akasin haka, bismillah, ina sauraro, amma don Allah ban da zagi.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ya maido mutanenmu gonakinsu lafiya. Amin.